Hutu A Bayan Katanga: Gidajen Haya Na Tudun Giranada

  Yau fita za mu yi, amma ba sai kin tashi neman mayafi ba, kunnenki kawai za ki ara mini.

Zancenmu na yau a kan masauki ne. Yanzu tafiya ta yawaita. Wata maigida ne zai tafi da ita wajen harkar kasuwancinsa, wata ɗanta ne ya gama karatu a Turai za a je taya shi murna, wata kuma hutu ne kawai Allah Ya hore. To duk inda za a je, akwai tambayar da ba a cika yi wa uwargida ba, alhali ita abin ya fi shafa: a ina za a sauka? Galibi maigida ne zai kama ɗaki a otal, shi ke nan an gama magana. Shi da gari ya waye ya sa takalmi ya fice. Ke kuwa da ba ki saba cuɗanya da maza ba, sai ki tarar otal ya fi gidanki ƙunci. Ɗaki ɗaya ne da taga ɗaya. Kin leƙo waje maza ne ke kai da kawo, wurin cin abinci a cakuɗe yake, mai shara na iya ƙwanƙwasa ƙofa kina tsakiyar tsifar kai. Babu tsakar gida, babu inda za ki shanya ko ɗankwali. A kashe kuɗi masu yawa, ki dawo ana ta yi miki barka da hutu, ke kuwa bango huɗu da talabijin kika gano.

Akwai wata hanya, ita ce a kama hayar gida sukutum, na kwana huɗu ko mako ɗaya, a ba ku makulli ku zauna kamar naku. Zan yi miki bayaninta da misalin wani tsohon birni da ke kan tudu a kudancin ƙasar Sifaniya, sunansa Giranada, Larabawa kuma su ce Garnaɗa. Na san wata za ta ce, ni da ko Kaduna sai shekara-shekara, ina ni ina Sifaniya? Ki dai saurara. Tambayoyin da zan lissafa za su yi miki amfani ko a Ɗa'ifa aka kama gidan, ko a Jos. Sannan cikin labarin gidajen nan akwai zancen ƙofa da lulluɓi da lalle, na tabbata ba zai wuce ki haka nan ba.

Giranada tana bisa tudu mai tsayin sama da mita 700, a gindin wasu manyan duwatsu da dusar ƙanƙara ke rufe kansu watanni da yawa a shekara. Sunan garin a harshensu yana nufin rumman, shi ya sa duk inda kika duba, har a jikin turakun titi, siffar rumman ce. Tsohon garin tudu biyu ne suna kallon juna, wani ɗan kogi mai suna Daro ya ratsa tsakaninsu. A tudu ɗaya akwai fadar Alhamra, wadda Sarki Muhammadu ɗan Ahmar ya fara ginawa a 1238. A ɗaya tudun kuwa unguwar Albaisin ce, wadda ta girmi fadar, don a nan ne wasu sarakunan Barbar suka kafa birnin wajen 1013, suka bar fili suka hau tudu saboda tsaro. Hukumar UNESCO ta sa fadar cikin kayan tarihin duniya a 1984, ta ƙara da unguwar a 1994. A wannan unguwa gidajen da nake nufi suke.

Su mutanen garin suna ce wa irin gidan nan karmen. Kalmar daga Larabci ta fito, wato karm, gonar inabi. In kina tafe a lungu ba za ki ga komai ba sai doguwar katanga mai farar ƙasa, da ƙofa guda ta katako, sai fa kan itatuwa da ya leƙo ta sama. Ba ado a waje, ba manyan tagogi masu kallon titi. Sai an buɗe ƙofar nan kin shiga za ki ga ashe duniya ce a ciki. Lambu hawa-hawa saboda gangaren tudu, ga rumman, ga ɓaure, ga lemo, ga rumfar inabi, ga ɗan kwami ruwa na tsiyaya a ciki. Gidan kansa sau da yawa bai kai lambun girma ba. Idan an yi dace, daga inda kike zaune kina shan shayi kina hangen fadar Alhamra a ɗaya tudun, da farin dutse a bayanta.

Kin ga ke nan wannan tsari ba baƙonmu ba ne. Gida ne da ya ba titi baya ya fuskanci iyalinsa, kamar dai yadda zaure da katanga suke yi mana. A irin wannan gida ki cire hijabi ki sha iska, yara su yi guje-gujensu, ki dafa abin da ranki ke so, ki yi salla a inda kika ga dama. Ni a ganina, ga mace irinmu, kuɗin da aka biya na katangar nan ne da ƙofar nan. Gado da firji ai ko'ina akwai su.

To amma fa a nan ake yin kuskure, don hoto ba ya faɗin gaskiya duka. Ana kama gidajen ne ta intanet, a wurare irin su Airbnb da Booking.com, kuma mai ɗaukar hoto ya san kusurwar da zai tsaya. Gari ne na tudu. Duk gidan da kike hangen na ƙasa da ke daga cikinsa, to akwai na sama da ke hangen ki. Katanga tana tare idon mai wucewa, amma ba ta tare idon wanda ke tsaye a barandarsa can bisa kanki. Akwai kuma wuraren da baƙi ke taruwa don kallon fada, mafi shahara shi ne dandalin cocin San Nikolas, inda ake cika maƙil da yamma kowa da waya a hannu. Lambun da ke ƙasa da irin wannan wuri, ai a tafin hannun jama'a yake. Saboda haka kafin a biya kafin alƙalami, ki sa maigida ko ɗanki ya rubuta wa mai gidan ya tambaya dalla-dalla. Gidan duka namu ne, ko an yanka shi sassa-sassa ana tarayya a tsakar gida ɗaya? Da yawa an yanka su, sai a sa hoton lambun ba a ce na kowa da kowa ne ba. Shi mai gidan yana zaune a wani sashe? Mai ban ruwan shuka yana da makullinsa, kuma wace rana yake shigowa? In akwai kwamin ninkaya, daga ina ake hangensa? Ki ce a turo hoton da aka ɗauka daga tsakiyar lambun ana kallon sama, ta kowane ɓangare. Turawa ba sa jin haushin tambaya irin wannan, kuma matambayi ba ya ɓata. A duba har da lambar rajista, don doka ta ce duk gidan da ake bai wa baƙi haya a yankin Andalus sai an yi masa rajista da hukuma. Wanda ba shi da lamba a bar shi, komai kyansa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa lambunan nan suke da faɗi a unguwar da lungunanta ko jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. A da ba haka take ba. Unguwa ce cunkus da ƙananan gidaje, masaƙa da marina da masu sana'ar siliki, ga masallatai birjik. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarkin Musulmi na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa birnin ga Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela. Kafin nan an rubuta yarjejeniya a 1491, cewa za a bar wa mutane addininsu da masallatansu da dukiyarsu. Cikin sharuɗɗan, kamar yadda malamin tarihi Almakkari ya kawo, har da cewa ba mai shiga gidan Musulmi, ba kuma mai leƙa shi ta kan katanga. Ki duba fa, mutane ana karɓe musu gari, amma sai da suka sa aka rubuta zancen leƙen katanga.

Alkawarin bai yi ƙarko ba. A 1499 wani babban limamin coci mai suna Sisneros ya fara tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka mayar da babban masallacin unguwar coci, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin gari. Mutanen Albaisin suka yi bore, aka murƙushe su, cikin 'yan shekaru aka ce kowa ya karɓi baftisma ko ya bar ƙasar. Da yawa suka karɓa a baki, suka koma bayan ƙofa suna abin da suka gada. A nan fa mata suka yi aiki, don da aka rufe masallaci da makaranta, ɗakin uwa ne ya rage. Hukuma kuwa ta gane haka. A farkon 1567, zamanin Sarki Filib na biyu, aka yi shelar wata doka. Aka ba su shekara uku su bar Larabci. Aka hana sunayensu da tufafinsu. Aka ce mata su buɗe fuska in za su fita, aka hana su ƙunshi. Aka rushe gidajen wanka. Sannan aka ce ranar Juma'a da ranar biki a bar ƙofar gida a buɗe, don a ga abin da ake yi a ciki.

'Yar uwa, ki auna wannan a ranki. Ranar ɗaurin auren 'yarki, ba lalle a hannunta, ƙofa wangale, ɗan doka na iya sa kai ko yaushe. Wani dattijo daga cikinsu, Faransisko Nunyes Mulai, ya rubuta wa hukuma doguwar takarda yana roƙo. Ya nuna musu cewa sutura da lalle al'adar ƙasa ce, kuma barin ƙofa a buɗe gayyatar ɓarayi ne da marasa kunya. Ba a saurare shi ba. Yaƙi ya ɓarke a duwatsu daga 1568 zuwa 1571, aka kwashe mutanen Albaisin, aka watsa kimanin mutum 80,000 na yankin cikin sauran garuruwan ƙasar. Daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kori wajen 300,000 daga Sifaniya baki ɗaya, akasarinsu suka haye zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Unguwa ta zama kufai. Waɗanda suka zo daga baya suka riƙa haɗa kango uku, huɗu, su rushe, su zagaye da katanga ɗaya, su dasa itatuwa. Lambun da za ki zauna a ciki yau, wataƙila ɗakunan iyali da yawa ne a da.

Ɗaya daga cikin yaran da iyayensu suka bar garin tun farkon al'amarin shi ne Alhasan Alwazzan, wanda aka haifa a Giranada ya tashi a Fas. Shi ne ya rubuta littafin bayanin Afirka da aka buga a Italiya a 1550, kuma a ciki ya yi zancen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ashe dai ɗan garin nan ya riga mu ziyara, ko da ta alƙalami ce.

Mu dawo kan zaman gidan. Abu na farko da zai ba ki mamaki shi ne hawa. Mota ba ta shiga yawancin lungunan, daɓen duwatsu ne da matakala. Tasi zai ajiye ku a wani dandali, sauran tafiyar da ƙafa. Akwatin nan namu mai taya da muke cikawa har sai an zauna a kai kafin ya rufu, a can ɗaukarsa za a yi a hannu. Ki rage kaya. Ki bar takalmi mai tsini a gida, ki nemi shimfiɗaɗɗe mai kama ƙasa, don duwatsun suna da santsi, balle an yi ruwa. In da tsohuwa a tafiyar, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, to a tambayi taku nawa ne daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofa, da kuma matakala nawa ne a cikin gidan kansa. Akwai 'yan ƙananan bas jajaye da ke hawa unguwar daga tsakiyar gari, suna rage wahala ƙwarai.

Sai kicin. Ki sani waɗanda suka sauka kafin ku sun dafa abin da suka ga dama a tukwanen nan, kuma mutanen ƙasar ba su da abin so kamar naman alade. Ki wanke komai da kanki kafin ki ɗora, ko ki tafi da 'yar tukunyarki da muciya, ba wani nauyi ne da su ba. In za a yi cefane, kalmomi uku za ki rubuta a takarda ki ba mai zuwa kanti ya riƙa dubawa a jikin kaya: cerdo, jamón, da manteca. Ta farko alade, ta biyu cinyarsa da aka shanya, ta uku kuwa kitse, kuma ita ce mai shammatar mutum, don har cikin biskit da kayan zaƙi ake sa ta. Naman halal ba ya wuya. A gindin unguwar, wajen titin Elbira da lungun masu shayi, akwai shagunan mutanen Maroko, za a sami nama da kaza da kuskus da kayan ƙamshi. Yajinki da kukarki da daddawarki dai sai ki taho da su a ƙulle da kyau, amma kada ki sa kilishi ko dambun nama a kaya, an hana shiga da nama ƙasashen Turai, ƙwacewa za a yi. Murhun galibi na lantarki ne. Manyan kantuna kuwa yawanci ba sa buɗewa ranar Lahadi, ƙananan kuma suna rufewa da rana tsaka su sake buɗewa da yamma, don haka a yi cefane da wuri. Buta kuma ba za ki tarar ba, ki sa ko ta roba ce a jaka.

Ruwan famfo ana sha, daga duwatsun nan yake gangarowa. Zancen ruwa ma abin dubawa ne in kin fita. Ta yaya mutanen da suka hau tudu suka sami ruwa? Tun ƙarni na 11 suka haƙa magudana mai tsawon kimanin kilomita 13 daga wani idon ruwa da suke kira Ainud Dam'i, wato idon hawaye, ta kawo ruwa har cikin unguwa. Ruwan yana zuba cikin wasu rijiyoyin tara ruwa da aka gina da jan bulo, kowace shiyya da tata, sau da yawa a jikin masallaci. Sama da ashirin suna nan har yau, za ki ga bakinsu kamar 'yar ƙofa a jikin bango. Babbar cikinsu tana cin lita 300,000, wato jarka 12,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25.

Lokacin salla zai rikita ki kwana ɗaya ko biyu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, isha'i kuwa sai sha ɗaya ta wuce. Alƙibla gabas ce ta ɗan karkata kudu, ba kamar tamu da ke karkata arewa ba. Akwai masallaci a ƙolin unguwar, dab da dandalin San Nikolas, an buɗe shi a 2003, shi ne na farko da aka gina a garin tun bayan 1492. Da sashen mata, da kuma ɗan lambu da ake hangen fada daga cikinsa ba tare da turereniyar dandalin ba. Game da yanayi, Yuli da Agusta zafi yakan kai maki 40, da hunturu kuwa sanyin dare har ruwa yakan daskare, kuma tsofaffin gidajen nan sanyi ne da su, sai a tambaya ko akwai abin ɗumama ɗaki. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, sun fi daɗi.

Wani abu kuma, ki tuna kina da maƙwabta. Unguwar nan ba gidan kallo ba ce, akwai tsofaffin da aka haifa a cikinta. Yawan mayar da gidaje masaukin baƙi ya sa haya ta yi tsada, 'ya'yan unguwa suna tashi, har mazauna suka fito zanga-zanga a 2024. Saboda haka in kin ga fuskar wata tsohuwa ba walwala, ba lallai hijabinki ne ba, ta gaji ne da ƙarar tayar akwati da tsakar dare. A kwaɓi yara da hayaniya da rana tsaka lokacin da suke ƙailula, a kai shara inda aka tanada, a gaishe su in an haɗu. Mai gidan zai nemi fasfo ɗin kowa ya rubuta, kada ran maigida ya ɓaci, doka ce a kan kowane baƙo.

Fita kuwa, in sau biyu kawai za ki yi, to ga inda zan ce a kai ki. Na farko Darul Hurra, a cikin unguwar take, ƙafa ma ta isa. Gidan A'isha ne, mahaifiyar sarki na ƙarshe, ɗan madaidaici da kwamin ruwa a tsakar gida da tagogi a sama. Abin da ya tsirar da shi daga rushewa shi ne an haɗe shi da gidan wasu mata Kirista masu zaman zuhudu, waɗanda su ma ba sa fita. Har yau irin matan nan a garin suna sana'a daga ciki, suna sayar da kayan zaƙi ta wata taga mai juyawa, ki ajiye kuɗi ta juya ta miƙo miki kaya ba ki ga fuskar kowa ba. Su ko 'yar talla ba sa bukata. Sai dai a tuna da kalmar nan ta uku kafin a saya.

Na biyu ita ce Alhamra. Za ki ga farfajiyar zakuna goma sha biyu da ruwa ke fita ta bakinsu, da taken gidan sarautar a rubuce a bango ko'ina, cewa babu mai rinjaye sai Allah. Can sama da ita akwai Jannatul Arif, wanda shi ma gidan hutun sarakunan ne, inda suke gudu in zaman fada ya ishe su. Sama da mutum miliyan 2 ke shiga duk shekara, kuma ana ƙayyade adadi kowace rana. Tikitin da sunan mutum ake yanka shi, sai an nuna fasfo a ƙofa, kuma sashen fadar yana da sa'ar da aka rubuta miki, in ta wuce ta wuce. A lokacin cunkoso yakan ƙare makonni kafin ranar. Don haka da zarar bizar Shengen ta fito, tun kuna gida, a sayi tikitin a ranar da aka kama gidan, a zaɓi na sassafe kafin rana ta ɗaga.